Duman Kadan Kaka

Da safen nan na ga furen duman kada ya buɗe a kan katangarmu, ruwan hoda-hoda, sai na ajiye fartanyar da na ɗauko don in sare shi. Karo na uku ke nan a daminar bana.

Kaka ce ta kawo shi gidan nan. Sa'ad da ruwan dam ya cinye ƙauyensu a ƙasar Maradun, muka dawo Talata Mafara, kowa ya kwaso abin da zai iya: tukwane, turmi, awaki. Ita kuwa sai ta tsinko reshen wannan ciyawa daga bakin rijiyarsu, ta ƙulle a gefen zane. Babana ya yi ta yi mata dariya, wai ciyawar da ke ko'ina a fadama ita aka yi wa dako.

Ta dasa shi a gindin randa, inda ruwa ke ɗiga. Kullum da hantsi takan bi shi da 'yar wuƙa tana datse kan rassan, ni kuma ina kwashewa, hannuna duk danƙo. Takan ce, "Wanga ba a barinai shi yi kwana ukku, ɗan nan. In ka kau da ido, gida za shi ci."

Bayan rasuwarta na kau da ido. Ni da aikin ofis, ina na ga lokacin bin ciyawa da wuƙa? Yanzu ya shaƙe yakuwa da alayyafon maiɗakina, ya bi ta magudanar ruwa ya shiga gidan maƙwabci. Makon jiya tunkiyarsa ta ci, ta kwana biyu tana rawar jiki, ta mutu.

Dattijo ne, bai ɗaga murya ba. Da ya zo wurina, bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, na san abin tsohuwa ne. Amma bisashena ukku sunka rage."

Gaskiyarsa ce, kuma na yi masa alkawari. Jibi zan tono shi har saiwa, in ƙone. Ba ni da wata dabara, kuma raina ba ya so.

Ka sani, mutanenmu da aka binne a can duk suna ƙarƙashin ruwa, babu kabarin da za mu ziyarta. Duk sanda yarana suka tambaye ni ina ne garinmu na asali, gindin randar nan nake nuna musu. Daga jibi ban san inda zan nuna ba.