Baƙon da ke Cikin Dutsen Kaka

Shekarar da aka kawo Kaka gidanmu na Dakata, mu uku aka tasa daga ɗakinmu, ni da ƙannena Sani da Bala, muka koma kwana a falo. Babanmu yana aiki a wata masaƙa a Bompai, ɗaki biyu kawai ƙarfinsa ya kai. Kaka kuwa daga ƙasar Wase ta zo, da mundaye biyu na jan ƙarfe a hannu da ƙullin duwatsun kwalli, don niƙan kwalli ne sana'arta. Tun ranar farko take cewa ta takura mu, da damina ta wuce za ta koma. Mu kuma ba abin da muke tsoro kamar tafiyar nan.

Bayan magariba, in jiniyar kamfani ta yi kuka, sai mu kewaye murhu tana tsince duwatsu. Mai ƙyalli shi ne na kwalli. Akwai wani mai launin zuma da ke manne masa, ba ya shiga ido, masu niƙa zubar da shi suke yi. Ita tara shi take a tandu. Na tambaye ta dalili.

"Maigidana sarkin tambaya," in ji ta, "akwai baƙo a ciki. Matso ka ji."

Wai can ƙarƙashin ƙasa Tutiya ya auri Farar Wuta, suka gina gida mai ɗakuna birjik. Ruwan zafi yana bi ta tsagar duwatsu ɗauke da matafiya, cikinsu har da wani baƙo marar gida, wanda ko suna ba a san masa ba. Muddin ruwan na tafarfasa, wucewa yake yi da shi. Sai da ruwan ya huce, ya lafa, sannan baƙon ya samu ya yi sallama. Tutiya ya dube shi ya ce ai nauyinsa ya fi na ɗansa guda. Sai 'ya'ya uku suka tashi, baƙon ya shiga da 'yan rakiyarsa biyu, 'ya'yan Jan Ƙarfe, gida bai karkace ba. Haka baƙi suka yi ta taruwa kaɗan-kaɗan, ba mai ganinsu daga waje.

"Ukun da suka tashi sun ji haushi?" in ji Bala.

Ta kaɗa mundayenta. "Ku za a tambaya."

Muka ce ba su ji ba. Ta yi dariya, ta ce to tatsuniya ta shige toka. Damina ta wuce, wata ma ta wuce, Kaka tana nan.

Sai masaƙa ta rage ma'aikata, Babanmu na ciki. Gida ya yi zafi, ƙaramar magana sai ta zama faɗa. Wata safiya muka tarar ta ɗaure kayanta. Babanmu ya durƙusa ya ce, "Inna, ku yi haƙuri ku zauna." Ta ce, "Ruwan na tafasa, ɗana. In ya huce zan dawo." Ta bar mini tandun. A Wase ta rasu, kafin Babanmu ya sami wani aikin.

Da na shiga jami'a karatun ma'adinai, malaminmu ya yi mana bayanin dutsen tutiya da farar wuta, wato mai launin zumar nan da Kaka ke tarawa. Ya ce akwai wani ƙarfe mai wuyar samu, jamaniyam, wanda ba kasafai yake da dutsen kansa ba. A cikin wannan dutsen yake fakewa, ya fi taruwa inda ruwan da ya haifi dutsen bai cika zafi ba, kuma sau da yawa tutiya uku ke ba shi wuri, shi da jan ƙarfe biyu. Na sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Kaka ba ta san jamaniyam ba. Mu ta ƙirga, da mundayenta.

Tandun yana nan a wurina, kuma har yau ina kewarta. Ɗakin kuwa, har muka tashi daga Dakata, cikinmu ukun ba wanda ya yarda ya koma kwana a ciki.