Rabin Karan Taba

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina shan taba, kuma wadda na fi tunawa ita ce wadda na sha da mutum ɗaya. Garkata ta albasa tana cikin fadama, gefen hanyar da ta fita Madawa ta nufi Buza. Garkarsa na manne da tawa, ba abin da ya raba mu sai shingen ƙaya da wata tsohuwar bagaruwa. Ya girme ni da shekara bakwai ko takwas, don haka yaya nake ce mashi, shi kuma ya ce mani ƙane, ko da yake ko kaka ba mu haɗa ba. Kakanninsa daga arewa sunka gangaro, kuma shi bai bar rawani ba. Bakinsa kullum a rufe, ko kasuwa ko wurin suna. Ni kaɗai na san haƙoransa biyu na gaba sun fita, don a gabana kaɗai yake sauke rawanin ya sha taba.

Ga yadda muke yi. In mun gama ban ruwan safe, mu kashe inji, mu naɗe tiyo, sai mu zauna gindin bagaruwar. Kara ɗaya muke sha. Wanda ya kawo shi ke kunnawa, ya sha rabi, ya miƙa wa ɗan'uwansa sauran. Gobe ɗayan ya kawo. Ba rashi ya sa ba, kowa da kwalinsa a aljihu, kowa na shan tasa a wani wuri. Amma ta gindin bagaruwa rabawa ake. Ba mu cika magana ba. Ya ce tsutsa ta shiga irinsa, in ce nawa ma, shi ke nan hirar ranar ta ƙare. Washegarin da munka binne babban ɗansa haka munka zauna, ya sha rabi ya ba ni rabi, munka tashi kowa ya koma fangalinsa.

Wata shekara bayan girbin gero tari ya kama ni. Na ce sanyi ne. Na sha saiwa, na sha zuma, na sha ƙwayoyin masu tebur, tari na nan. Wandona ya fara zamewa daga ƙugu. Matata ba ta da yawan surutu, amma in ta kafe gara ka bi ta ka huta. Ita ta tasa ni gaba har gidan likita a Madawa. Anka ɗauki kakina, anka ɗauki hoton ƙirji, anka ce mu dawo.

Da munka dawo, lokotoro, likitan da ya duba ni, ya sa na zauna, ya ce, "Baba, tarin fuka ne. Ana warkewa sarai. Wata shida za ka sha magani, kullum, ba fashi. Ka kwana ɗaki daban na ɗan lokaci, in za ka yi tari ka rufe baki. Taba kuwa, in kana son abin da ya rage na huhunka, ta jiya ita ce ta ƙarshe."

Munka fito farfajiya. Na ciro kwalin daga aljihu, na murƙushe shi da hannu, na jefa cikin kwandon shara. Na yi rantsuwa da Allah a gaban matata, da ƙarfi, cewa taba ba za ta ƙara taɓa bakina ba. Ta ce, "Allah ya ji ka, ni ma na ji." Kan hanyar gida munka yanke cewa ba wanda zai ji sunan ciwon. A ƙauyenmu babban tari ake ce mashi, kuma gidan da anka ce ya shiga, an gama da shi. A ware maka moɗa, a ware maka kwano, a gaishe ka daga bakin ƙofa. Matata fura take damawa ta sayar, rabin unguwa ita ke shayar da su. Wa zai sayi furar gidan babban tari? Munka ce shawara ce ta kama ni.

Da na koma garka, ranar yaya ce ta kawowa. Ya sauke rawani, ya kunna, ya sha rabinsa, ya miƙo mani.

Na ce, "Na gode, yaya. Na bari."

Hannunsa na nan a miƙe. Ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun shekaranjiya."

Ya yi dariya. "To sha wanga, ka bari gobe."

Ban karɓa ba. Ya ɗan jira, ya ga da gaske nake, sai ya mayar bakinsa ya shanye har ƙasa. Ya ja rawani ya rufe baki. A wurinmu abin da mutum ya miƙo maka da hannunsa ba a ƙin karɓa sai da dalili, kuma dalilin faɗa ake. Ni ina da dalilai biyu, huhuna da nasa, na haɗiye su duka.

Sati biyu na farko kowa ya san labarinsu, ba zan tsaya a kai ba. Hannu ya tafi aljihu shi kaɗai ya dawo wayam. Na ci goro har dasashina ya yi ciwo, na tauna asuwaki ya zama zare. Na doki jakina a kan laifin da bai yi ba. Na yi mafarki ina sha, na farka ina istigfari, ina shinshina yatsuna. Wannan duk na yi tsammaninsa, kuma ya zo ya wuce.

Abin da ya biyo baya ne ba wanda ya gaya mani. Kwaɗayin ya tafi, fushin ya tafi, sai babu abin da ya maye gurbinsu. An ce mani ɗanɗano zai dawo, ya kuwa dawo. In na ci tuwo ina jin gishiri, ina jin daddawa, ina jin yaji, amma daɗin ban san inda ya shiga ba. Da can yinina a yanke yake gunduwa-gunduwa: kara bayan asuba, rabi bayan ban ruwa, kara bayan abinci, kara bayan la'asar. Ashe su ne ke gaya mani an gama wannan, a shiga wancan. Da sunka fita sai yinin ya zama abu ɗaya dogo, ba kai ba gindi. Sai in tsaya da tiyo a hannu har fangali ya cika ya tumbatsa, ruwa na bin ƙafata, ina kallo.

Shekarar nan albasa ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba. Na cika rudu biyu, rumbunan da muke ajiye albasa. Mutane na tsayawa suna cewa ma sha Allah, ni ma ina cewa, don haka ake cewa. Ɗiyata ta haihu, anka miƙo mani jaririn, na yi mashi addu'a, na duba fuskarsa, na mayar. Matata takan ajiye mani shayi ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, kana nan kuwa?" In ce ina nan. Ba ƙarya nake ba, ba kuma gaskiya ba.

Yaya bai daina miƙo mani ba sai da ya yi kwana bakwai. Kullum ya sha rabi, ya miƙo, in girgiza kai, ya shanye. Ni kuma na ja wurin zamana nesa da shi, don kada tarina ya kai gare shi, don kuma warin hayaƙin. Na daina shan ruwa a gorarsa, na zo da tawa. Duk yana gani. Lokacin nan ne wasu samari sunka fara wa'azi a ƙauye suna cewa mai warin taba kada ya matso sahun gaba. Yaya ya haɗa wannan da wancan, ya samu amsar da ta ishe shi.

Wata safiya ya tsaya bayan shinge ya ce, "An ce ka zama malami, ƙane. Mu masu warin taba sai a riƙa yi mana addu'a daga nesa."

Da murmushi ya faɗa, amma na san muryarsa. Na san ya ji ciwo. Na san abotar shekara ashirin ce ke mutuwa a gabana, kuma magana ɗaya za ta tashe ta. Na tsaya na laluba cikina in ji ko zafin abin zai zo, ya tura ni in buɗe baki. Ban samu komai ba. Kamar ka ga akuya ta shiga gonar wani, ka san ɓarna take, ka kasa tashi ka kore ta. Na ce, "Haba yaya," na koma ga tiyona.

Matata ta ce, "Shi dai ka gaya mashi. Ba mai yawo da magana ba ne." Na ce gobe. Goben ta yi yawa. Ya daina zuwa gindin bagaruwa. Akwai wata 'yar kafa a shingen da muke bi mu shiga garkar juna, wata rana na iske an toshe ta da sabuwar ƙaya. Na dubi ƙayar, na ga an ɗaure ta da kyau, irin ɗaurinsa.

Wata shida sunka cika. Lokotoro ya sake gwada ni ya ce na warke, ba ni da abin da zan sa wa kowa, sai dai ƙirjin ya yi tabo, in kiyaye shi. Na yi hamdala. Yanzu ba abin ɓoyewa, amma ta ina zan fara? In je in ce mashi duk watannin nan ban yarda da bakinsa ba? Magana ta riga ta yi nauyi, ni kuma ba ni da ƙarfin ɗaga ko marar nauyi. Muna gaisawa a masallaci, lafiya lau, ina gida, ina aiki, kowa ya sa takalminsa.

Da rani ya zagayo, garkarsa ba a dasa komai ba. Anka ce ya faɗi wurin alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na bi jama'a munka je gaisuwa, na tsaya baya-baya na ce Allah ya sauwaƙe, na fito da waɗanda sunka fara fita.

Bayan sati uku matarsa ta zo gidanmu da kanta ta ce yana kirana. Na je bayan la'asar. Yana kwance kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, ba rawani, sai hula. Bakinsa ya karkace gefe ɗaya, a buɗe ga duk mai wucewa. Ya yi wa matar alama ta ba mu wuri. Da ta shige, ya tura hannun hagu ƙarƙashin matashi, ya ciro kara ɗaya da ya lanƙwashe, da kwalin alimeti, wato ashana. Harshensa ya yi nauyi, sai da na matso na ji.

Ya ce, "Sun hana ni. Hannu guda ba ya ƙyastawa. Kunna mani, ƙane. Ba sai ka sha ba."

Na riƙe karan a hannu na ƙyasta, na kanga wutar a bakinsa. Ya yi baƙi, ya mutu. Na sake, ya mutu. Na uku ma haka. Duk wanda ya taɓa shan taba ya san ba ta kamawa sai an zuƙa. Shi kuma leɓensa ba zai iya ja ba lokacin da wuta ke ci. Sauran tsinke biyu a kwalin, yana kallona.

Na tuna rantsuwata. Kaffararta na sani, ciyar da mabuƙata goma, gero kuwa na nan cikin rumbu. Ba ita nake tsoro ba. Tsorona kada in ji daɗi. Wata goma sha huɗu ban ji daɗin komai ba, in wannan ta zama ta farko, na san ba zan ƙara bari ba har kabari.

Na sa a baki, na ƙyasta, na ja.

Ban kai ga jin daɗi ko rashinsa ba. Hayaƙin na sauka ƙirjina ya kama. Tari ya naɗe ni biyu, irin mai fitowa daga ƙasa yana amo kamar ana buga tulu, na dafa ƙasa da hannu ɗaya, hawaye na zuba, numfashi ya ƙi shiga. Na daɗe a haka. Da na ɗago, idonsa na kaina. Shi ya yi jinyar mahaifinsa har irin ciwon nan ya kashe shi, ya san wannan ƙarar.

Ya ce, "Babban tari ne?"

Na ce, "Shi ne. Na warke tun bara."

"Shi ya sa?"

"Shi ya sa, yaya."

Na miƙa mashi karan, yana ci. Ya karɓa da hagu, ya juya shi yana dubawa, bai kai baki ba. Ya sauke hannu gefen tabarma ya murje shi cikin yashi.

Ya ce, "Da ka gaya mani, da tare munka bari. Ni ina can shekara guda ina shan rabina da naka."

Na dubi hannunsa na dama a kwance kan cinyarsa, tafin na kallon sama. Zafin nan da na laluba bayan shinge ban samu ba ya zo, kuma na ji shi sosai.

Matarsa ta leƙo daga ɗaki tana shinshina iska. Ta ce, "Warin mi nake ji? Wa ya ba shi?"

Na ce, "Ba shi ba ne. Ni na sha."