Audugar Inna a Kan Danga

Bana shekara sittin da huɗu ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna, amma har yau in na lumshe ido sai in ga curin audugarta fari fat a kan dangar gidanmu, iska na ɗan kaɗa shi.

Zamanin Nasara ne, ana gyaran hanyar mota daga Boɗinga zuwa Shagari. Aka haƙa ramin marmara gabas da unguwarmu. Tun safe leburori ke fasawa, jar ƙura ta tashi ta tsaya a sama kamar hayaƙin murhu. Ni kuwa da fuka aka haife ni, ƙura kaɗan ta isa in kwana uku ina kokawa da numfashi.

Inna tana kaɗi, auduga ba ta yanke mata. Kullum da safe sai ta tsagi curi ta soke a tsinken danga, da hantsi ta ɗauko ta duba. In yana nan fari, ta sake ni in bi ƙawaye fadama. In ya yi ja, ta ce, "Ke Hajo, yau ba ki hita. Tahi ɗaki." Wayyo, kukan da na sha! Wallahi na ɗauka mugunta ce.

Kwanan baya jikata Rabi, mai aikin awon ƙura a wuraren fasa dutse, ta nuna mini na'urarsu. Tana zuƙar iska ta cikin farar takarda, daga baya a auna abin da ya maƙale. Na yi dariya har da ƙwalla. Da Inna na nan, cewa za ta yi, "Duk wanga ƙarhe don abin da auduga ka gwadawa?" Sannan ta tambaya, in takardar ta yi ja, wa ake hana fita?

Ita dai ba mai hana ta. Baffa, mahaifina, ya riga ya rasu, da kuɗin furarta muke ci, kuma ranar da audugar ta fi ja, ranar leburori suka fi jin ƙishi. Sai ta ja mini ƙyaure, ta aza ƙwarya a ka, ta nufi bakin ramin. Ina leƙenta ta kafar ƙofa har ƙurar ta shanye ta. An gama hanya, tari ya kama ta, bai sake ta ba.

Abin da ta bar mini mazarinta na kaɗi ne, da numfashin nan da nake ja har na haura saba'in. Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ko sau ɗaya ba ki kafa wa kanki auduga ba.