Mutumin da Ya Daina Yi wa Harisu Ƙarya

Kowace safiya, in ban da Juma'a, Munzali yana buɗe shagonsa da ƙarfe takwas. Shagon yana bayan tashar mota a nan Daura, jikin rumfar Dabo mai faci. Zai share ƙasa, ya goge talabijin ɗinsa huɗu da tsumma, ya duba batirin sola, ya jera bencina. Daga nan sai ya jawo wani faffaɗan katako daga ƙarƙashin tebur, ya ajiye shi gaban kwamfutar da ke lungu, ya zauna yana jira. Shekara goma sha shida ke nan yana riƙe da gidan gem ɗin nan, ba wanda ya taɓa ce masa sannu a bainar jama'a. Yau ni zan ce masa.

Gaskiya ni ba na son gidan gem. Malamin lissafi ne ni a sakandare, kuma kunnuwan da na ja daga ƙofar shagon nan zuwa aji ba su ƙirguwa. Munzali ba ya barin mai kayan makaranta ya shiga lokacin karatu, in ya hango ni sai ya ce, “Malam, yau babu naka a nan,” amma ni ban taɓa yarda ba sai na leƙa. A irin leƙen nan ne wata safiya na ga makaho zaune gaban kwamfuta, yana ba da umarni kamar kwamandan soja. Na tsaya baki buɗe, na manta abin da ya kawo ni.

Harisu ne. Ɗan acaɓa ne a da, yana jigilar mutane tsakanin Daura da Mai'adua, kuma a shagon Munzali ba mai iya ja da shi a gem ɗin ƙwallo. Wata rana saniya ta tsallako masa titi, kansa ya bugu da kwalta. Allah Ya yi da sauran kwana, amma idanu sun tafi. Wata tara ya yi a ɗaki, fuskarsa na kallon bango. Mahaifiyarsa, Inna Hadijatu, ta ce min sai ta yi da gaske yake cin loma uku. Abokai sun yi zirga-zirga a watan farko, daga baya ƙafa ta ɗauke. Munzali ne kaɗai yake zuwa duk Juma'a bayan masallaci, ya zauna, ya yi surutunsa shi kaɗai, ya tashi.

A lokacin akwai wani gem da Munzali ya kawo daga Kano, wanda ya zame masa kayan kunya. Labarin wasu jarumai huɗu ne masu baiwa: ɗaya yana tashi sama, ɗaya yana ɗaga mota da hannu, ɗaya yana warkar da rauni, sai mace mai jifa da tsawa. Matasa sun yi ta murna, suna zaton dambe za a sha. Ashe filin yaƙin gida-gida ne kamar ramukan dara. Ka matsar da mutanenka, ka tsaya, maƙiya su matsar da nasu, sannan kai kuma. Tsakanin yaƙi da yaƙi jaruman su zauna suna ta hira da Turanci. Kwana biyu aka yi aka watse masa. Suka raɗa masa suna wasan tsofaffi. Dabo mai faci ya ce ko shi da bai san gem ba, ya ga wannan ya fi layin asibiti jira. Munzali ya ce min ko a ƙasar da aka yi shi haka ya sha: masu sharhi sun yaba, masu saye sun juya baya.

Shi kaɗai ya ci gaba da taɓa shi in babu mutane. Wata rana ya bar shi ana tsakiyar yaƙi, ya je sallar azahar, ya ci abinci, ya dawo ya tarar da maƙiya tsaye inda ya bar su, suna jiran sa. Nan tunanin ya faɗo masa: wasan da ba ya gaggawa ba ido yake buƙata ba, kai yake buƙata, da kuma wanda zai faɗa maka abin da ke kan allo.

Ya je wurin kafinta aka huda masa katako, layi goma sha biyu, kowane layi rami goma sha biyu. Maƙiya ƙwallon dabino ne. Jaruman kuwa ya tsinto su a rumfar Dabo: noti, bawul ɗin taya, murfin kwalba, da fulogin babur a madadin mai tsawa. Ya kai wa Harisu.

“Yaya Munzali, ba'a ka zo yi min?”

“Ni dai na ajiye maka a gefen tabarma. In ya tsare maka wuri, a ba Inna ta hura wuta da shi.”

A Juma'a ta uku Harisu ya juyo daga bango, fulogi a hannunsa, ya ce, “Ita wannan, rami nawa take iya jifa?” Washegari Munzali ya goyo shi a babur zuwa shago.

Ga yadda suke yi. Munzali ya dubi allo, ya jera ƙwallayen dabino a ramuka daidai da inda maƙiya suke, ya faɗi inda bango yake da inda mota take. Harisu ya bi da yatsu, sannan ya ce a kai wane rami kaza, wance ta jefi na hagu. Munzali ya danna, ya faɗi abin da ya faru. In aka zo hirar jarumai ya fassara masa ita layi-layi, har da sauya murya. Awa uku kullum, kafin matasa su fara zuwa. Ni da na zo kama masu laifi, sai ga ni duk ranar da ba ni da aji da safe ina bencin baya.

Ina wurin ranar da Munzali ya yi kuskurensa, kuma ba zan ɓoye shi ba, don ba a gane girman mutumin nan sai da shi. A wasan nan jarumin da ya faɗi ya tafi ke nan. Ana yaƙi a kan wata gada, Harisu ya tura mai tsawa gaba ba wanda ya rufa mata baya, aka harbe ta. Munzali ya dubi fuskar Harisu, wanda a makon ne aka fara jin dariyarsa, sai ya ce, “Ta sha da ƙyar.” Ya lallaɓa ya mayar da wasan baya inda aka ajiye shi, ya shiga gyara ƙwallayen dabino a hankali.

Yatsun Harisu suka tsaya. “Ɗazu su biyar ne, na kashe ɗaya. Ya na ji biyar?”

Munzali ya janye hannunsa daga katakon.

“Yaya Munzali, a gida Inna ce min take likita ya ce zan warke. Ƙannena ce min suke babur ɗina na nan lafiya, alhali da kunnena na ji ranar da aka zo aka ɗauke shi. Kowa riƙe ni yake kamar ƙwai. Nan ne kaɗai na zata in na faɗi za a ce min na faɗi.” Ya ajiye fulogin a kan tebur, ya ce Dabo ya kai shi gida.

Kwana goma sha ɗaya bai dawo ba. Inna Hadijatu ta aiko cewa ya koma kallon bango, abincin ma ya daina taɓawa. Na ji tsoro ƙwarai, don na san in ya sake nutsewa a ɗakin nan, ba katakon da zai fito da shi.

Munzali ya je, ya tsaya a bakin ƙofa, bai kawo uzuri ko ɗaya ba. “Na yi maka ƙarya, ka yafe min. Mai tsawa ta mutu, kuma kai ka jawo, don ka tura ta ita kaɗai. Na goge ajiyar da na mayar da kai. In za ka dawo, da uku za ka ci gaba.” Inna tana tsakar gida tana ji, ta ce saura kaɗan ta kore shi da muciya, wane irin rashin tausayi ne wannan. Sai ta ji ɗanta daga ciki yana cewa, “Inna, ina takalmana?”

Munzali, kai ne ka zauna wata biyar bayan wannan kana faɗa wa makaho abin da ba ya son ji. Sau goma sha tara ya kai hari gadar nan da mutum uku, sau goma sha tara ya ja da baya da raunuka, kowane karo kai ka ce masa, “Ba ka ci ba.” Na sha ganin ka kana kallon tarkon da zai faɗa, ka cije leɓe har ya yi ja, ka danna abin da ya ce. Shekara ashirin da biyu ina koyarwa, na san nauyin ka ga ɗalibi zai yi kuskure ka kame bakinka, kuma ni ban cika iyawa ba. Wallahi ka fi ni malanta.

Labari ya bazu. Matasan da suka yi wa wasan dariya suka fara sammako don su ga makahon da ke riƙe da ramuka ɗari da arba'in da huɗu a kansa. Daga kallo sai musu, daga musu sai layi. Yanzu wasan tsofaffi sai ka rubuta suna kafin ka samu zama, kuma in ya cije wa mutum, Harisu yake tambaya. Shi kuwa ya daina jiran goyo. Da sandarsa yake zuwa, yana tsayawa a hanya ana gaisawa.

Wata Asabar a watan jiya suka kai yaƙin ƙarshe. Shago ya cika har rumfar Dabo. Saura harbi ɗaya, in ya kuskure an gama da jarumansa. Harisu ya tambayi yadda sa'arsa take, Munzali ya ce sittin cikin ɗari. Ya daɗe hannunsa na kan bawul, sannan ya ce a buga. Shago ya kaure da ihu, ana ta girgiza masa kafaɗa. Bai motsa ba. Ya ɗaga hannu ya ce, “Ku dakata. Yaya Munzali bai yi magana ba.” Munzali ya ce, “Ka ci, Harisu.” Sai a lokacin ya kifa kansa a kan katakon. Ni kuwa na fita waje, don kada ɗalibaina su ga idona.

Mun gode, Munzali. Allah Ya saka maka da alheri, Ya haskaka maka kamar yadda ka haskaka wa bawan nan nasa. Mu kuma da muke da majiyyaci a lungun gida, mu je mu zauna da shi, mu nemo abin da zai iya, in ya tambaye mu kuma mu ba shi amsa irin wadda ake ba cikakken mutum. Inna Hadijatu ta riga mu. Ta ce min a makon nan ta zaunar da shi, ta faɗa masa ainihin abin da likita ya ce, cewa idon ba zai dawo ba. Ya lalubo hannunta ya riƙe, ya ce, “Na sani tuntuni, Inna. Jira nake in ji daga bakinki.”