Su da Fartanya

Ina da shekara bakwai matata ta ce ta gama aure da ni, kuma a gaban jama'a. Kakata ce, mahaifiyar Baba. Tun ina goye take kirana maigidanta, irin wasan kaka da jika, ni kuwa na ɗauki abin da gaske. Ni nake ɗaukar mata buta, kuma duk ranar da aka dafa kifi, kan kifin nawa ne.

Ranar su ce ta jawo mini. Idan ruwa ya ja baya a fadamar ƙauyenmu, kusa da Katuru, akan sa rana kowa ya faɗa tafki da homarsa, wato ragar kamun kifi. Baba ya ba ni ƙaramar homa, ya nuna mini yadda ake danna bakinta ƙasa a tura. Yayyena biyu suka shige kamar agwagi. Ni kuwa ruwa na kawo mini ƙirji, wani abu mai santsi ya shafi ƙafata, sai na saki homar na fito da gudu ina ihu.

Da aka sauke miyar tarwaɗa, Kaka ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wanga miji da ba shi kawo kihi, mi za ni yi da shi? Na koma ga yayanka."

Gida ya ɗauki dariya. Ta tsamo kan kifin ta miƙa wa babban yayana, ya zauna a gabana yana tsotsa yana lumshe ido. Wallahi na ji zafi. Har tafkin ya ƙafe ban sake taɓa butarta ba.

Wata safiya da bazara Baba ya miƙo mini fartanya ya ce, "Taho mu tahi su."

Na zaci shi ma tsokanata yake yi, na bi shi ina cika ina batsewa. Tafkin ya zama fili, laka ta bushe ta tsattsage. Baba ya tsuguna ya nuna mini wani ɗan rami da bai fi a sa yatsa ba. Ya ce kifin nan gaiwa ce a ƙasa. Ita idan ruwa zai ƙafe sai ta nutse cikin laka ta naɗe, ta bar wannan kafar tana shan iska har damina.

"Haƙa ta gehe," in ji shi. "In ka sare ta, ka ɓata aiki."

Rami uku na haƙa ba komai. Hannuna ya yi bororo, Baba kuwa ko tayin taimako bai yi mini ba. A na huɗu na ciro wani dunƙulen laka mai nauyi, na rungume shi har gida.

Yayyena suka kwashe da dariya, wai sarkin tsoron ruwa ya kamo ƙasa. Kaka kuwa ta tashi. Ta jawo babbar ƙwarya ta cika da ruwa, na saka dunƙulen, muka kewaye. Laka ta narke, wani baƙin abu ya bayyana a naɗe, ko motsi. Muka yi ta jira, har na fara neman hanyar sulalewa. Can sai ya miƙe. Gaiwa ce ta kai tsawon hannuna, ta kaɗa wutsiya ta watsa wa babban yayana ruwan laka a fuska. Na yi tsalle, na yi ihu, na zaga tsakar gida sau biyu.

Kaka ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Da aka sauke tukunya ta tsamo kan gaiwar. Yayana ya miƙa hannu, ta buge shi da ludayi.

"Kauce! Kai da ruwa ka kama naka, yaro ma na iyawa. Mijina a tudu shi ka kamo kihi."

Ta ajiye kan a kwanona, sannan ta turo mini butarta da ƙafa.