Littafin da Na Leƙa

Ɓarawo malamina ya kira ni a gaban aji, a kan amsar da na fitar da kaina. Wannan ba zan manta da shi ba har ranar da za a sa ni a rami.

A wata makaranta ce a unguwar Umbadda ta Umdurman, wajen azahar. Zafi ya kwantar da kowa, fanka tana juyawa kamar an tilasta mata. Ustaz na lissafi ya zana alwatika biyu a allo, ɗaya a tsaye, ɗaya a kishingiɗe. Ya ce kusurwa biyu-biyu sun yi daidai, gefe ɗaya ma haka, wa zai tabbatar girmansu ɗaya ne?

Ni hankalina yana shagon babana, tela, inda yake yanka ƙyalle biyu masu kusurwa uku na gefen jallabiya. Sai na ga zanen nan ya baro allo yana lilo a iska, ɗaya ta juya a hankali ta kwanta kan 'yar'uwarta. Na miƙe kamar mai tafiya cikin barci. Na ce kusurwa uku in an haɗa ɗari da tamanin ne. Tunda biyu sun yi daidai, ta ukun ba ta da wurin gudu. Gefen nan kuma ga shi tsakanin kusurwoyi masu daidai, dole sauran su biyo.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce da Larabci ɗan Fallata, sunan da suke kiran mu masu asalin Afirka ta Yamma, ba ya irin wannan tunanin, littafinsa na malamai na leƙa. Bulala goma. Ban ƙara taka makarantar ba, babana ya miƙa mini almakashi. Tun ranar na san wanda ya raina asalinka, ko gaskiya ka kawo masa sata zai gani.

Bayan shekara talatin, kafin yaƙin nan da ya ci ƙasar, wani tsoho ya sauka daga raksha, keken haya mai ƙafa uku, a ƙofar shagona a kasuwar Umdurman, da farin yadi a hammata. Muryar na fara ganewa. Shi bai gane ni ba.

Na auna shi, na yanka ƙyallen nan biyu, na ɗora ɗaya kan ɗaya a gabansa.

"Ustaz, duba da kyau, ko zare bai fita ba. Littafin da ka ce na leƙa a Umbadda ke nan. Jallabiyarka zan ɗinka, ka zo Alhamis. Amma bulala goman nan, ban yafe ba."