Tekun Hambali

Duk wanda ya zauna tsakanin Kura da Bunkure a shekarun tamanin ya san Hambali mai albasa, ko da bai taɓa sayen albasarsa ba. Gajere ne, fari, mai saurin tafiya, kuma abu biyu ne ba ya ƙauna a duniya: tsada da cunkoso. Lokacin da gwamnati ta haƙa kanal aka sake raba gonaki, kowa na kokawar samun fili kusa da bakin ruwa, shi sai ya zaɓi can ƙarshe, inda ruwa ke isowa a gajiye, don kawai babu mai rigima a kan wurin. Yadin sallarsa bayan salla yake saye, ya ajiye sai ta baɗi. Kasuwa kuwa sai ta fara watsewa yake shiga.

Da ya iya kama bakinsa, da ba wanda zai damu da shi. To amma Hambali bai iya samun araha ya yi shiru ba. In ya sayi fartanya a rabin kuɗi, sai duk teburin mai shayi ya ji, har da sunan maƙerin da kwatancen rumfarsa. Matarsa Ummulkhairi takan ce masa, "Malam, kai ne kake sa abin da ka gano ya yi tsada. Ka faɗa wa gari, gobe ka koma ka tarar da layi." Sai ya ce ai alheri yake yi wa jama'a.

A farkon shekarun nan kuɗin tumatir ya shigo yankin. Manyan dillalai da ke loda motoci zuwa Legas suka fara wata sabuwar al'ada, wai ita hutu a Landan. Jagoransu shi ne Alhaji Maharazu, mai manyan motoci da baƙar Marsandi. Duk damina sai ya ɓace, ya dawo da kwat mai nauyi wadda yake sawa a kan babbar riga, gumi na zuba, da hotonsa tattabaru sun hau masa kai da kafaɗa.

Wata rana a teburin shayi Hambali ya tambaye shi, "Alhaji, wai in ka je can, wa kake gani?"

"Kowa yana can," in ji Alhaji. "Gidan da muke sauka duk 'yan Kantin Kwari ne. Tuwo ma har da man shanu."

"Wato ka biya kuɗin jirgi ka je ka ga mutanen da za ka iya gani a Kano da kuɗin bas?"

Aka yi dariya. Alhaji bai ji daɗi ba. Ya gyara kwat ya ce, "Malam Hambali, wanda bai taɓa riƙe fasfo ba, ba a maganar ƙasar waje da shi."

Maganar nan ta zauna wa Hambali a ƙirji. Bai yi shawara da kowa ba sai Sammani, direban da ke kai tumatir Legas. Sammani ya ce masa in ka wuce Legas ka tsallaka iyaka, ka wuce Kwatano, akwai ƙauyukan masunta a bakin teku waɗanda ba kowa a cikinsu sai kwakwa da iska. Ƙasar waje ce sosai, har Faransanci suke yi.

Hambali ya yi fasfo. Da aka gama kwasar tumatir a shekarar tamanin da biyu, ya hau gaban motar Sammani kyauta, bisa sharaɗin zai riƙa yi masa hira kada ya yi gyangyaɗi. A bakin iyaka ya roƙi ma'aikacin da ya danna hatimi da kyau, don akwai wanda zai nuna wa. A Kwatano ya shiga motar haya, ya yi ta yi wa direba nuni da hannu cewa a ci gaba, har sai da ya ga wurin da babu ko shago. Nan ya sauka.

Ƙauyen yana da suna, amma harshen Hambali bai taɓa iya juya shi ba. Ya samu ɗaki a gidan wata dattijuwa mai suna Madam Afi, mai sana'ar ƙyafa kifi, wadda ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Shi kuma Faransancinsa bai wuce "bonju" ba. Hakan ya yi musu daidai. Ta nuna masa tabarma, ya nuna mata kuɗi, ta ɗauki kaɗan ta mayar masa da saura. Hambali ya ce tun da yake bai taɓa ganin mace mai hankali irinta ba.

Da ya fara ganin teku, ya daɗe a tsaye. Abin da ya fara zuwa ransa shi ne asara: ga ruwa har iyakar ganin ido, ba wanda ya ja kanal ko ɗaya. Ya ɗiba ya ɗanɗana, ya tofar, ya gane dalili. Daga nan ya shimfiɗa buzunsa a gindin wata kwakwa, nesa da inda igiyar ruwa ke kaiwa, don bai yarda da ruwan da ke tafiya yana dawowa ba tare da wani ya buɗe masa ƙofa ba. Ya ci kifi, ya sha ruwan kwakwa, ya yi barci. Ba wanda ya tashe shi ya ce an sace masa layin ruwa, ba wanda ya tambaye shi farashin kwando. Ya ce a nan ya fara sanin cewa kunnen mutum ma yana hutawa.

Ya dawo Kura da buhun kifi busasshe, da ƙwaryar kwakwa, da ruwan teku a kwalba wanda ya riƙa ba mutane suna lasa. Fasfon kuwa ya zagaya teburin shayi har ya yi maiƙo. Alhaji Maharazu ya duba hatimin ya ce, "Ƙasar wajen da ake zuwa a motar tumatir?" Hambali ya ce, "Hatimi dai hatimi ne, Alhaji. Kuma ni ba tsuntsun da ya yi mini kashi a hula."

Ya sake komawa shekarar da ta biyo. Sai sojoji suka karɓi mulki, aka rufe iyakokin ƙasa, Hambali ya rasa hanyar zuwa. Da ƙafa ta kasa tafiya, sai baki ya karɓi aikin. A cikin shekarun da iyaka take rufe, ƙauyen masuntan nan ya yi ta girma a teburin shayi. Ɗakin Madam Afi ya zama otal. Otal ya yi bene. Kifin da a da yake kamar tsawon hannu ya kai girman ɗan maraƙi. Har Turawa aka samu a labarin, masu cire hula in sun ga Hambali. Mutane suka sa wa wurin suna Tekun Hambali. Ummulkhairi, wadda ta ji labarin farko kafin ya yi ƙiba, takan saurara daga cikin gida ta girgiza kai.

Daga baya aka buɗe iyaka, amma a daidai lokacin naira ta faɗi warwas, kuma Ingila ta ce ɗan Nijeriya ba zai shiga ba sai da biza. Alhaji Maharazu ya je ya yi layi a rana kamar mai neman taki, ya lissafa abin da jirgi zai ci, ya dawo gida shiru. Damina ta wuce ba a ga kwat ba. Mutane suka fara tambayarsa ko lafiya.

Rannan Hambali yana ban ruwa a gonarsa, sai ga baƙar Marsandi tana tangaɗi a kan hanyar bakin kanal. Ba ta taɓa zuwa ƙarshen nan ba. Alhaji ya fito, ya tattare riga, ya tako cikin taɓo.

"Malam Hambali, sannu da aiki. Albasa ta yi kyau."

"Alhamdu lillahi, Alhaji. Ɓatan hanya ka yi?"

"Wurinka na zo. Likita ne ya ce sanyin Landan ba ya yi mini. Ya ce in nemi iskar teku. Wai ta ina ake bi zuwa wurin nan naka?"

Hambali ya san ba wani likita. Ya kuma tuna gargaɗin matarsa. Amma ga Alhaji Maharazu tsaye a gonarsa, takalmi cikin taɓo, yana kiransa Malam da murya ƙasa-ƙasa. Ya jingine fartanya, ya tsuguna, ya zana masa hanya a ƙasa da tsinke, tun daga Legas har gindin kwakwar da yake kwanciya.

Da ya faɗa wa Ummulkhairi, ta ce, "Shi kaɗai zai je?"

"Shi kaɗai mana. Mutum mai neman lafiya."

Ta ci gaba da tankaɗenta.

Bayan kwasar tumatir ta tamanin da bakwai Hambali ya riga kowa tafiya. Ya tarar da ƙauyen yadda ya bar shi. Madam Afi ta yi murna, ta ba shi ɗakinsa. Ya samu kwanaki kaɗan na barci da kifi. Sai wata rana da hantsi, yana kwance a gindin kwakwa, ya ji rediyo na tashi da kiɗan kalangu. Ya ɗauka mafarki ne. Ya buɗe ido ya ga bas cike maƙil ta tsaya a kan yashi, Sammani a gaba yana nuna hanya, Alhaji Maharazu na saukowa, a bayansa dillalan tumatir na Kura da Kadawa, da masu injin casar shinkafa, kowa da buta da kular abinci da akwati. Wasu har da kwat, don an ce musu ƙasar waje za a.

"Malam Hambali!" in ji Alhaji. "Ga mu mun iso. Ina otal ɗin?"

Hambali ya miƙe a hankali. Ya dubi ɗakunan Madam Afi na bunu, ya dubi jama'a. Ya ce, "Benen ne? Teku ya cinye shi bara."

Aka yi salati, aka jajanta wa Madam Afi, ita kuwa tana ta murmushi tana ƙirga kawuna. Ba ta jin Hausa, amma ta ga Marsandi a fuskar Alhaji ko da bai zo da ita ba. Kafin azahar ta kwashe kayan Hambali ta kai rumfar da ake ajiye ragar kamun kifi, ta ba Alhaji ɗakin. Kafin la'asar farashin kifi ya ninka, kwakwar da ake ba shi kyauta ta zama ta sayarwa. Da Hambali ya je yin ƙorafi, sai ta ce masa "bonju" ta wuce.

Aka naɗa shi tafinta, tunda shi ne ɗan gari. Duk wanda ke son ruwan zafi, ko alƙibla, ko ragi, sai a kira Hambali. Shi kuma ya je ya yi ta wasa da hannu, ya dawo ya faɗi abin da ya ga dama. Wani ya tambaye shi kifin nan mai girman maraƙi, ya ce ba lokacinsa ba ne. Turawan kuma sun tafi hutu Landan.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne gindin kwakwarsa. Washegari ya tarar an shimfiɗa tabarmi, an kafa majalisa, ana gardamar rabon taki da wanda ya toshe wa wani ruwa a rani. Har aka kira shi shaida. Ya tsaya yana kallon teku, a bayansa ana rantse-rantse kan kanal ɗin da ke can Kura.

Abin haushin, su sun ji daɗin wurin. Alhaji Maharazu ya naɗe wando ya shiga ruwa har gwiwa, abin da Hambali bai taɓa yi ba, aka ɗauke shi hoto yana dariya. Ya fito ya dafa kafaɗar Hambali ya ce, "Gaskiyarka, Malam. Ya fi Landan. Baɗi da iyali za mu zo."

Hambali ya tattara buzunsa ya biyo motar farko. Ya iso gida yana warin raga, bai kawo tsarabar komai ba. Ummulkhairi ta kawo masa ruwa ta ce, "Yaya mai neman lafiya?" Ya ce ta bar shi ya huta.

Mutanen Kura sun ci gaba da zuwa wasu shekaru. Wani ɗan Bunkure ma ya zauna can ya kafa tukubar tsire. Sunan wurin bai canza ba, amma mai sunan bai sake taka shi ba. In an tayar da zancen a teburin shayi, sai ya ce wurin ya lalace, ya zama na kowa da kowa.

Bai daina tafiya hutu ba. Duk bayan kwasar tumatir yakan saka fasfo a aljihun gaba, inda kowa zai gani, ya rataya buzu, ya tsaya a bakin titi. In an tambaye shi ina zuwa, sai ya ce, "Waje." In an matsa, ya ce wuri ne da ba a faɗa. Ko Ummulkhairi bai gaya wa ba, ita kuma ba ta tambaya ba.

Wata shekara ya dawo da kifi busasshe, ya raba wa maƙwabta. Sammani ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Malam Hambali, wannan ai kamar karfasar dam ɗin Tiga. Jiya ma na sayi irinta a can."

Hambali ya karɓe kifinsa ya mayar cikin buhu. Ya ce, "Kai direba ne, Sammani, ba masunci ba. In ba ka ci, akwai masu ci."